Kura da Shan Bugu: Mas'alar Ƙarin Abinci ga Sabon Mai Ɗaga Ƙarfe

Wata ranar Asabar bayan sallar La'asar, ina zaune a zaure ina duba jarida, sai ga ɗan ƙanwata, saurayi ɗan shekara 26 wanda zaman ofis da lemon kwalba suka tara wa teɓa har ta fara riga shi shiga ɗaki, ya yi sallama riƙe da wata babbar leda. Bayan mun gaisa ya zazzage ta a kan tabarma. Ga wata ƙatuwar baƙar roba mai hoton wani ƙato da ƙirji kamar ƙofar gari, ga kwalbar jajayen ƙwayoyi da aka zana wa harshen wuta, ga kuma kwalin shayi mai hoton wata siririyar mace tana auna ƙugunta da tef ɗin tela. Ya ce, "Kawu, yau wata guda ke nan da na fara ɗaga ƙarfe don in rage jiki, kuma mai koya mana ya ce in ban haɗa da waɗannan ba wahalar banza nake yi." Na ce, "Madalla, miƙo mini robar nan." Na sa tabarau, na juya bayanta inda ake ƙananan rubutun da ba kowa ke kula da su ba, sai na ga ashe awo ɗaya na garin yana ɗauke da kalori fiye da 1,000, domin tun asali an yi shi ne saboda ramammu masu neman su yi jiki. Wato yaron nan ya kwashe kuɗin da za su ishe shi cin ƙwai na watanni, ya sayo abin da zai ƙara masa ainihin larurar da ya fita neman maganinta.

Tun daga ranar nake juya mas'alar a raina, don na lura ba shi kaɗai ba ne, yanzu da gidajen motsa jiki suka yawaita a biranenmu, kuma kowace waya ta cika da tallar masu rantsuwa cewa kwalbarsu ce ta narkar musu da tumbi. Shin waɗannan abubuwa da ake kira ƙarin abinci, gari ne ko ƙwaya ko ruwa, suna da wata fa'ida ga wanda bai daɗe da fara ɗaga ƙarfe ba, alhali babban muradinsa shi ne kitse ya sauka ba tare da tsoka ta zube ba? Wanda ya amsa da i ko a'a kawai bai yi wa mas'alar adalci ba, saboda sunan nan guda ya tattara abubuwa da yawa waɗanda ba abin da ya haɗa su sai kantar da aka jera su a kai: a cikinsu akwai abinci zalla, akwai mai hujja ingantacciya, akwai wanda da'awa ce tsura, akwai kuma guba. Malamai kuwa sun koya mana cewa ba a hukunta reshe sai an san asali.

Asalin a nan shi ne, jiki ba ya taɓa ajiyarsa ta kitse sai abin da ke shiga ciki ya gaza abin da ake kashewa, kamar dai magidanci da ba ya fasa rumbu matuƙar akwai sauran hatsi a buhun da ke tsakar gida. Masana sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kimanin 7,700, saboda haka wanda ya rage kalori 500 kowace rana daga abin da jikinsa ke bukata zai ga kusan rabin kilo na sauka a mako, musamman a watannin farko kafin jiki ya fara tsimi. Shi kuwa ɗaga ƙarfe, duk da gumin da yake fitarwa, kalorin da yake ƙonewa bai kai yadda mutane ke zato ba. Babban aikinsa wani ne dabam: idan jiki ya shiga halin rashi yakan ci kitse ya haɗa da tsoka, amma tsokar da ake wahalar da ita sau biyu ko uku a mako, jiki yakan gane cewa ana bukatarta, sai ya ƙyale ta ya mai da yunwarsa kan kitse. Rage ci, da ɗaga ƙarfe a kan tsari, da isasshen abinci mai gina jiki, da barci, su ne farillan wannan al'amari, kuma duk abin da ke cikin roba ko kwalba, komai ingancinsa, bai wuce matsayin nafila ba.

To, sabon shiga yana da wata baiwa da tsohon hannu ya daɗe da rasawa, kuma a nan ne shubuha take shigowa. A makonnin farko ƙarfinsa yakan hau da sauri mai ban mamaki, har ya ga ƙarfen da ya gagare shi ranar farko ya zama abin wasa, kuma mafi yawan wannan ci gaba daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake, waɗanda ke koyon yadda za su umarci tsokar da ma can tana nan a kwance. Bayan haka, mutumin da bai taɓa horo ba, kuma yana da kitse a ajiye, yana iya ƙara tsoka yana rage kitse a lokaci guda, abin da ke yi wa gogaggen mai ɗaga ƙarfe wuya ƙwarai. Saboda haka duk abin da yaro ya haɗiya a waɗannan watanni, ko da garin alli ne, shi zai yi wa godiya, ya kuma shaida wa abokansa da zuciya ɗaya, ba tare da niyyar ƙarya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da wannan shaida ta masu gaskiyar da suka ruɗe ake tafiyar da rabin kasuwar nan.

Bari mu fara da garin furotin, don shi ya fi kowanne kusa da gaskiya. Mafi shahararsa ana samo shi ne daga ruwan nan da ke tsatsafowa idan an daskarar da madara za a yi cuku, a tace shi, a busar, a zuba masa ɗanɗano, kuma ɗan ludayin robar da ke cikinsa yakan ɗauki furotin giram 24 ko 25, wato kwatankwacin ƙwai huɗu. Abinci ne, ba magani ba, kuma ba shi da wani sirri da nono da kifi suka rasa. A shekarar 2018 wasu masana na jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Farfesa Stuart Phillips, suka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe, suka tarar cewa horon shi kaɗai yakan ƙara wa mutum naman jiki marar kitse fiye da kilo ɗaya kaɗan, ƙarin furotin kuwa ya ɗora giram 300 a kai. Sun kuma tarar cewa amfanin yakan tsaya idan abin da mutum ke ci a rana ya kai kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, kuma, abin da ya fi shafar mas'alarmu, tsofaffin hannu sun fi sababbin shiga cin moriyar ƙarin.

Amma kada a fahimci cewa furotin ɗin kansa ƙaramin abu ne ga mai rage ƙiba, domin a halin rage ci ne ma bukatarsa take tsananta. Waɗannan masana dai, a 2016, sun ɗauki samari 40 masu ɗan jiki, suka rage musu abinci da kashi 40 cikin ɗari har mako huɗu, suna horar da su kwana shida a mako, rabinsu ana ba su furotin giram 1.2 ga kowane kilo, rabi kuma giram 2.4. Masu ƙaramin rabo suka sauke kitse kilo 3.5 tsokarsu ta tsaya yadda take, masu babban rabo kuwa suka sauke kilo 4.8 har suka ƙara naman jiki kilo 1.2. Ba na ba kowa shawarar ya kwaikwayi wannan azaba a gida, don su an yi musu ne ana auna musu kowace loma ana kuma sa musu ido, amma hujjar ta tabbata cewa yawan furotin yana kare tsoka, ga shi kuma yana riƙe ciki ya hana yawan ciye-ciye.

Abin tambaya shi ne ko dole sai daga roba. Mu ɗauki mutumin da yake son nauyinsa ya dawo kilo 75. Bukatarsa a rana, a ma'aunin giram 1.6 ga kowane kilo, giram 120 ce. Dafaffen ƙwai uku da safe sun ba shi 18. Kifi ko naman kaza gwargwadon tafin hannu da rabi ya ba shi kusan 40. Kofi biyu na dafaffen wake sun kusa 28, kofi biyu na nono kuma 16, sauran kuwa tuwon dawa ko gero ko shinkafar da zai ci sun cike masa. Ga awara, ga kilishi, ga ƙuli-ƙuli, ga busasshen kifi da ake daka wa miya. Ƙasar da Allah ya hore wa wake da gyaɗa da waken suya da shanu ba ta rasa furotin ba. Inda gizo ke saƙa shi ne mai da sukari, domin mu mutane ne masu son suya: awara sai an tsoma ta a mai, wake sai ya zama ƙosai, nono sai an dama shi da fura an zuba sukari har cokali ya tsaya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kwalbar lemo ta rabin lita kuma tana ɗauke da sukari kimanin giram 50. Fa'idar garin furotin, in yana da ita, ita ce yana kawo furotin tsirara ba tare da wannan rakiya ba, kuma yana sauƙaƙa wa ɗalibi ko matafiyi ko ma'aikacin da ba ya samun girki a kan kari. Wanda yake da hali ya saya bai yi laifi ba. Wanda ya rage cefanen gida don ya saya ya shiga babin almubazzaranci. Su kuwa ruwayen nan masu launi da ake kurɓa ana cikin horo, waɗanda ke ɗauke da uku kacal daga sinadarai tara da jiki ke bukata daga abinci don gina tsoka, ba su da abin ƙarawa ga wanda ke cin furotin isasshe.

Sai kiriyatin, wanda a cikin dukan kayan kantar shi ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Ba sabon abu ba ne, don tun 1832 wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, ya ciro shi daga nama, sunan ma daga kalmar Girkanci mai ma'anar nama aka samo shi. Hanta da ƙoda suna ƙera kimanin giram ɗaya a rana, nama da kifi suna kawo wani, kuma kusan dukansa a tsoka yake zaune, inda yake aiki kamar ɗan guzurin gaggawa na daƙiƙu kaɗan idan an yunƙura da ƙarfi. A 1992 Roger Harris da abokan aikinsa suka nuna cewa shan sa yana ƙara yawan wanda ke cikin tsoka, a shekarar kuma ya yi suna bayan wasannin Olamfik na Basalona. Giram 3 zuwa 5 a rana sun isa, kuma abin da yake yi shi ne ya ba mutum ikon ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a kowane zagaye, wanda in aka tara cikin watanni ya zama ƙarin ƙarfi da tsoka. Kitse kam ba ya ƙona ko giram guda. Hasali ma yana jawo ruwa cikin tsoka, har sikeli ya hau da kilo ɗaya ko biyu a makonnin farko, kuma sabon shiga da ke hawa sikeli kowace safiya zuciyarsa na dukan uku-uku yana iya ganin wannan ya yanke ƙauna ya watsar da komai. A ra'ayina ya dace ya bari sai ya yi wata uku yana zuwa horo ba fashi, sa'an nan in ya so ya ƙara. Ba don akwai cuta a farawa da wuri ba ga mai lafiya, sai don ya fara sanin abin da jikinsa ke iyawa shi kaɗai.

Kafeyin ma yana da hujja wajen ƙara kuzari da rage jin gajiya, amma Bahaushe ba ya bukatar a sayar masa da shi da tsada a cikin roba, tun da kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna fataucinsa daga Gwanja a cikin goro, ga kuma gahawa da shayi. Iyakar da hukumomin lafiya suka yi wa baligi mai lafiya ita ce miligiram 400 a rana, kuma wasu garurrukan da ake sha kafin horo suna cinye fiye da rabin wannan a ludayi guda. Mai zuwa horo bayan Magariba ya sha irin wannan, ya kwana idonsa biyu, ya yi asarar abin da ya fi garin daraja. A 2010 an gwada mutum goma masu rage ci a jami'ar Chicago, wani lokaci a ba su awa takwas da rabi a gado, wani lokaci awa biyar da rabi, aka ga cewa a ƙarancin barci kitsen da suke saukewa ya ragu da fiye da rabi, asarar naman jiki kuma ta ƙaru. Mutum goma ba su da yawa, amma ishara ce da ta dace da abin da wasu gwaje-gwajen suka nuna.

Yanzu mun iso ga jajayen ƙwayoyi masu harshen wuta, waɗanda suka fi kowa alkawari suka kuma fi kowa ƙarancin dalili. Kafin a gane su sai an san dokar Amurka, inda da yawansu ke fitowa. A 1994 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta sa ƙarin abinci a wani aji dabam da magani, ta yadda kamfani ba ya bukatar ya tabbatar wa Hukumar Abinci da Magunguna cewa kayansa yana aiki kafin ya kai shi kasuwa. Ita hukumar ce za ta kawo hujjar cutarwa daga baya in tana son ta hana. Wato an juya ƙa'idar shari'a, an ɗauke wa mai da'awa nauyin kawo shaida. Ƙarƙashin wannan doka aka yi shekaru ana sayar da efedra, wani tsiro na ƙasar Sin, wanda gaskiya yana rage kusan kilo ɗaya a wata, amma yana tayar da hawan jini da bugun zuciya, har yana kai wasu ga shanyewar ɓarin jiki. Sai da ɗan wasan besbol Steve Bechler ya faɗi a filin atisaye ya mutu a watan Fabrairun 2003 yana da shekara 23, sa'an nan aka haramta shi a 2004. Waɗanda suka gaje shi kuwa galibi ba su da tasirinsa. Garsiniya, 'ya'yan wata itaciya ta Indiya da maƙwabtanta, 'yar'uwar namijin goronmu, an gwada ta a 1998 a kan mutum 135 har mako 12, ba ta fi ƙwayar wofi da aka ba rabinsu ba. Koren shayi da ake dafawa a sha ba shi da aibu, amma sinadarinsa da aka tace aka dunƙule a ƙwaya ɗan abin da yake ragewa bai taka kara ya karya ba, kuma a 2018 hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin cewa daga miligiram 800 a rana ana ganin alamun wahalar hanta. Da mutum zai bi tarihin nan a tsanake, zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: wanda yake aiki sosai magani ne mai haɗari da ya kamata ya kasance a hannun likita, wanda ba shi da haɗari kuma yawanci ba ya aiki.

Shayin rage tumbi kuwa sirrinsa a bayan gida yake. Da yawansu ganyen sanna ake zubawa a ciki, dangin filaskon nan da iyayenmu suka sani tun da can a matsayin maganin wankin ciki. Mai sha zai yi ta zarya, ciki ya lafe, sikeli ya sauka, ya yi murna, alhali ruwa da gishirin jiki ya zubar, kitsen yana nan inda ya bar shi. Wanda ya haɗa wannan da ɗaga ƙarfe a zafin bazara yana neman jiri da murɗewar tsoka da kansa.

Akwai kuma abin da ya fi rashin amfani muni, wato algus. A wani bincike da aka buga a 2018 an ƙidaya kaya 776 da hukumar Amurka ta kama tsakanin 2007 da 2016 ɗauke da magungunan da ba a rubuta a jikinsu ba. Kimanin huɗu cikin goma na rage ƙiba ne, kuma mafi yawan waɗannan an ɓoye musu sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Kafin wannan, wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya sayi kaya 634 daga ƙasashe 13, ya sami 94 da sinadaran kumbura tsoka waɗanda aka haramta wa 'yan wasa. An kuma ƙiyasta a 2015 cewa a Amurka kaɗai mutum kimanin 23,000 ne ake kaiwa sashen gaggawa na asibiti kowace shekara saboda ƙarin abinci, kuma a tsakanin matasa kayan rage ƙiba da na ƙara kuzari ne kan gaba. In haka abin yake a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji barkatai, sai mai hankali ya ƙiyasta halin kwalbar da ta tsallako iyaka a jakar ɗan kasuwa, ta sha rana a shago, aka kuma tallata ta a Facebook. Duba lambar hukumar NAFDAC wajibi ne, amma lambar rajista ba shaida ba ce cewa da'awar narkar da kitse gaskiya ce. Mai tsantseni kuma ya sani cewa ɓawon ƙwayoyi da yawa da jelatin ake yin sa, wanda ake samu daga fata da ƙashin shanu ko na alade, don haka ya nemi bayanin asalinsa.

Bitamin da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini hukuncinsu mai sauƙi ne: suna gyara rashi in akwai rashi, kamar macen da ke yawan zubar jinin al'ada, ko wanda ya matse cinsa ƙwarai, kuma gwajin jini ne ke nuna haka. Ba sa rage kitse.

Ɗan ƙanwata dai mun rabu a kan ya kai baƙar robar ga wani abokinsa siriri da ke neman jiki, ya zubar da shayin, ya daina lemon kwalba, ya riƙa rubuta nauyin ƙarfen da yake ɗagawa a ɗan littafi, ya kuma auna ƙugunsa da tef sau ɗaya a mako maimakon hawa sikeli kullum. Da zai tafi ya juyo ya ce, "To Kawu, ƙwayoyin fa? Da tsada na saye su." Na ce ya bar mini su, kuma har yau suna cikin durowata ba a buɗe ba. Kai kuma mai karatu, in kana da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko na hanta, ko ke mai juna biyu ce ko mai shayarwa, ɗauki kwalbar da kwalinta ka kai wa likita kafin ka ɓalle murfinta. In kuma ka riga ka fara shan kiriyatin aka tura ka gwajin ƙoda, ka faɗa masa tun kafin a ɗebi jinin, domin yana iya ɗaga ma'aunin da suke dubawa alhali ƙodarka lafiyarta ƙalau.